Koci Lawwali ya bar mana fili

Ina tsugune ina ɗaura wa 'yata igiyar takalmin makaranta da safen nan, sai waya ta yi ƙara. Lambar Masar ce. Na ɗauka da fara'ata, don na zaci shi ne.

Matarsa ce, Anti Sa'adiyya. Ta ce Koci Lawwali ya cika bayan sallar asuba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na yi mata gaisuwa, ban ma san abin da na ce ba. Yarinyar tana tsaye da takalmi ɗaya a ɗaure tana kallona. Mamanta ce ta ƙarasa mata ta kai ta makaranta.

Tun ɗazu ina zaune wuri guda. 'Yan shekarun nan rasuwar abokan karatunmu ta yi yawa, har na gaji da rubuta ta'aziyya a shafin nan. Amma wannan ba zan iya yin shiru ba.

Da yawanku ba ku san shi ba. Bai yi suna ba, bai riƙe muƙami ba, ba ya wa'azi a rediyo. Amma duk Bahaushen da ya yi karatu a Alƙahira daga tsakiyar shekarun casa'in zuwa sama, in dai ya taɓa taka filin ƙwallo, ya san Koci.

Ni a lokacin sanyi na sauka garin, da rigunana na gida marasa kauri. Babu wanda ya gaya mini ana irin wannan sanyi a ƙasar Larabawa. Aka sauke ni a wani gidan haya na ɗalibai a unguwar Abbasiya, can saman bene, tagar ɗakinmu ba ta rufuwa sosai. A masallacin unguwa ya fara ganina, ina sahu ina rawar ɗari. Washegari ya hau har ɗakinmu da wata jaket baƙa a hannu, ya ce ta yi masa kaɗan, in taimaka in raba shi da ita.

Na yarda da maganarsa. Sai daga baya na lura duk sanyin shekarar da rigunan motsa jiki ya yi shi, ɗaya kan ɗaya.

Mutumin Gusau ne, ya girme ni da 'yan shekaru, yana kulliyar Luga, wato sashen harshen Larabci, inda ni ma aka ba ni gurbi. Yaya Lawwali nake ce masa a gida, a fili kuwa Koci, kamar kowa. Ranar da ya kawo jaket ɗin ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya tambaye ni ko ina buga ƙwallo. Na ce ƙafata ba ta da saiti. Ya ce ba ƙafar yake so ba, tsawon da hannun yake so. Haka na zama golan 'yan Luga. Har yau akwai waɗanda ba su san sunana Habu ba, Gola kawai suka sani.

Ga yadda gasar take, don waɗanda ba su yi zamaninmu ba.

Kowace kulliya tana da ƙungiyarta. Akwai 'yan Shari'a, 'yan Usuluddini, mu 'yan Luga, da 'yan ma'ahadi waɗanda ba su kai ga shiga jami'a ba tukuna. Mu ne rukunin Abbasiya. Can kuma akwai rukunin Giza: ɗaliban likitanci, ɗaliban injiniya, sai ƙungiyar unguwar Ma'adi ta ma'aikatan ofishin jakadanci da 'ya'yansu. Kowane rukuni ya buga nasa wasannin, a ƙarshen shekara zakaran nan ya gamu da zakaran can a fainal. Ranar fainal kamar Sallah take. Mutanen da ba ka gani tun bara duk za ka gan su a bakin fili, har da mata da yara da kulolin abinci.

A gari mai girman Alƙahira, ban da wannan gasa babu abin da ke haɗa mu. Ɗan Abbasiya zai iya gama karatunsa kaf bai san akwai Bahaushe a Giza ba.

Kuma kusan duk wahalar gasar a wuyan mutum ɗaya take, wato Koci. Shi ke zuwa cibiyar matasa ya lallaɓa mai kula da fili ya ba mu safiyar Juma'a. Shi ke tsara wasanni ya kauce wa imtihani da azumi. Shi ke zuba farar ƙasa a layi. In ka bi ta layinsu ranar Asabar za ka ga jesi a shanye a barandarsa reras, har da na ƙungiyoyin da ba tasa ba, don ya ce in ya bar wa yara za su dawo masa da su suna wari.

A shekarata ta biyu mahaifiyata ta rasu. Sai bayan an binne ta labari ya iso ni, kuma babu halin tafiya gida. Na shige ɗaki na daina zuwa aji. Yaya Lawwali ya riƙa zuwa kullum da yamma. Ba ya mini dogon wa'azi, ya san masu yi sun yi yawa. Ya samo kuka da daddawa wajen wani da ya dawo daga gida, ya tuƙa tuwo a kicin ɗinmu, ya zauna har sai ya ga na ci. Da aka kwana biyu, wata Juma'a ya shigo ya jefa mini safar hannuna a kan katifa, ya ce ba su da gola, kuma 'yan Shari'a ba sa jin tausayi.

Na tashi na bi shi. An ci mu ranar, amma na yi barci.

Abin da ya sa nake wannan dogon rubutu shi ne abin da ya faru shekarar da ta biyo baya.

Fainal ta haɗa 'yan Shari'a da 'yan Ma'adi. Kyaftin ɗin Ma'adi wani direba ne a ofishin jakadanci, sunansa Bulus, Kirista daga Filato, Hausa a bakinsa kamar ɗan Kano. Ɗan wasan gaba ne mai gudu. A bayan 'yan Shari'a kuwa akwai Nasiru, wanda muke gida ɗaya da shi, mahaddaci mai daɗin ƙira'a amma mai saurin fushi in ya shiga fili. Ana dab da tashi Bulus ya tsere da ƙwallo, Nasiru ya biyo shi ta baya ya shiga da ƙafa biyu.

Daga inda nake zaune na ji ƙarar ƙashin.

Kafin a ɗauke shi fili ya rikice. Aka yi dambe, aka yi jifa da robobin ruwa. Mafi muni, Bulus yana kwance a ƙasa wasu daga ɓangarenmu suka faɗi maganganu a kan addininsa, irin waɗanda ba zan maimaita a nan ba. Matarsa da 'ya'yansa suna bakin fili suna ji. Koci ne ya ratsa ya ɗauke shi a kafaɗa ya fita da shi titi ya tare tasi.

Bayan mako guda manyan ɗalibai suka kira taro a Abbasiya. Aka daɗe ana magana. Wasu suka ce tun asali bai dace ɗaliban ilimi su riƙa cakuɗa da 'yan ofis ba. Wasu suka ce a dai guje wa fitina. Aka tsaya a kan cewa daga bana babu sauran fainal, kowane rukuni ya yi gasarsa. Kowa a ɗakin ya san ma'anar hakan. Ɗaliban injiniya sun gama karatu sun watse a wannan shekarar, rukunin Giza saura ƙungiya biyu, kuma ƙungiya biyu ba ta yin gasa. An kashe su ke nan ba tare da an furta ba.

Koci ya jira har aka kusa shafa fatiha. Sannan ya ɗaga hannu.

"Na ji, kuma ba zan yi jayayya da manya ba," in ji shi. "Amma Luga ta tashi daga rukunin Abbasiya. Daga bana a Giza za mu buga."

Mu kanmu 'yan Luga bai shawarce mu ba.

Da muka fito muka yi masa ca. Ya saurare mu duka, ya ba mu haƙuri a kan rashin shawara, ya ce ya san in ya tambaye mu za mu ƙi. Ya ce duk wanda ba zai iya ba ya koma wata ƙungiya, babu komai tsakaninsa da shi. Mafi iyawar cikinmu suka tafi. Muka rage mu 'yan kaɗan, yawanci waɗanda babu ƙungiyar da za ta ɗauke mu.

Ba zan ce na ji daɗin shekarun nan ba. Wahala ce zalla.

A da filinmu da ƙafa muke zuwa. Yanzu sai mu fito da sassafe mu cusa kanmu a bas zuwa tashar Ramsis da buhun ƙwallaye da jarkar ruwa. In wasan a Ma'adi ne mu shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, in a Giza ne mu nemi wata motar mu haye kogi. Kwandasta na ihun yalla yalla, wato a yi sauri, mu muna rataye a ƙofa. Kafin mu isa ƙafafunmu sun riga sun gaji. Mu buga, a lallasa mu, mu yi sallar Juma'a a masallacin da muka samu a hanya, mu dawo gida bayan la'asar ba mu ci komai ba sai burodi da wake. Sau da yawa ba ma cika, sai abokan karawarmu su ara mana mutum.

Akwai ranar da ɗaliban likitanci suka zura mini ƙwallaye har na daina lissafi. Da aka tashi na zauna daɓas a cikin raga na ce ni na gama, ba zan ƙara zuwa ba. Ya zo ya tsaya a kaina, shi ma gumi ya jiƙa shi sharkaf, ga gwiwarsa ta dama da take damunsa tun da can ta kumbura.

"Ma'alish, yi haƙuri, Gola," ya ce. "Tashi mu tafi. Mako mai zuwa ma za a ci mu, gara ka huta da wuri."

Na yi dariya ba don ina so ba. Mako mai zuwa na zo, kuma an ci mu.

A Abbasiya kuwa abubuwa suka canza masa. Mutanen da yake wanke wa jesi suka daina amsa sallamarsa da sakin fuska. Aka ce ya zaɓi 'yan ofis ya bar 'yan uwansa. Aka daina kiransa walima. Ban taɓa jin ya rama ba, kuma bai daina zuwa cibiyar matasa yana nema musu fili ba, don mai kula da filin shi kaɗai yake saurara.

Ga kuma jinyar Bulus. An sa masa ƙarfe a ƙafa, gidansa a saman bene yake, babu lif. Duk ranar komawa asibiti Koci zai bar darasi ya tafi Ma'adi, ya goyo shi ya sauko da shi, in an dawo ya goya shi ya hau, da wannan gwiwar tasa. Na raka shi sau da dama. Matar Bulus, Maman Talatu, ta sayi buta da darduma ta ajiye dominmu, kuma a gidanta na fara shan gwaten acca.

Shekarar nan ya faɗi imtihani, aka ce ya maimaita aji. Ina tare da shi da aka kafa sakamako. Ya duba allon ya daɗe, ya ce khalas, shi ke nan, ya juya. Daga nan kai tsaye wajen mai faci muka nufa, don akwai ƙwallo biyu da suka sace.

Yadda aka yi sulhu kuwa, Nasiru ne ya ba ni labari da bakinsa daga baya.

Ya ce tun ranar da abin ya faru yake jiran Koci ya zo ya yi masa faɗa, har ya tanadi amsoshinsa da hujjojinsa. Koci bai taɓa yi ba. Sai dai duk inda suka haɗu, a masallaci ko a layin burodi, zai gaishe shi kamar kullum, sannan ya ƙara da magana guda. Yau ya ce an canza wa Bulus filasta. Wani makon ya ce bai yi barci ba saboda zogi. Wata rana ya ce ƙaramar 'yarsa tana tsoron ganin ƙafar. Wata rana ya ce ya fara takawa da sanda. Ya faɗa ya wuce, ba ya jiran amsa.

Nasiru ya ce ya fi shekara a haka, har ya zama in ya hango shi gabansa sai ya faɗi. Wata safiya ya tare Koci da kansa ya ce ya kai shi Ma'adi wajen Bulus.

Ina cikin waɗanda suka je. Nasiru ya durƙusa a gaban Bulus. Bulus ya kama hannunsa ya ce ya tashi.

"Malam, karaya a ƙwallo ba sabon abu ba ne," in ji shi. "Ƙafar ba ita ta fi yi mini ciwo ba. Maganar da aka yi ina kwance, yarana suna ji, ita ce."

Nasiru ya ce ba shi ya faɗa ba, amma ya ji ana faɗa kuma bai hana ba. Ya nemi a kira masa yaran, ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan abu Koci yana baranda, ya ba mu baya yana kallon titi.

A ƙarshen wannan shekara aka dawo da fainal. Bulus bai ƙara buga ƙwallo ba, ɗingishi ya zauna masa, amma shi aka ba usur ya yi alƙalanci. Mu 'yan Luga muka ci gaba da zama a rukunin Giza, don in mun koma Abbasiya rukunin zai sake faɗuwa. Har na gama karatu a farkon shekarun dubu biyu muna wannan jigila.

Ba mu taɓa cin kofi ba. Ko fainal ba mu taɓa zuwa ba.

Na dawo gida, shi ya zauna. Ya gama digirinsa a makare, ya auri Anti Sa'adiyya, Bahaushiyar Sudan, ya kama aikin yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga gida tafinta a asibitoci. Kullum in mun yi waya sai ya ce baɗi zai tattara ya koma Gusau.

Ganina da shi na ƙarshe a ƙarshen shekarun dubu biyu ne, lokacin da na kai mahaifina aikin ido. Shi ya tarbe mu, shi ya samo mana masauki, shi ya riƙa riƙe wa tsoho hannu a matakala yana ce masa Baba a hankali. Furfura ta fito masa, tafiyarsa ta koma ta mai jan ƙafa.

Ranar Juma'a ya ce in zo in ga yara. Tsohon filinmu an yi gini a kansa, sun koma wani ƙarami a bayan wata makaranta. Babu sauran rukuni biyu, ƙungiyoyin da suka rage duk an haɗe su wuri guda. Ya ce yaran yanzu sun fi son zama a gidan shayi su kalli ƙwallon Turai a talabijin. Muka zauna a kan dakali yana hura ƙwallo da famfo, muna jiran su cika. Rana ta ɗaga ba su cika ba.

Na tambaye shi me ya sa ba zai bar wa wani ba.

"Wallahi na gaji, Gola," ya ce. "Gwiwar nan ba ta barina barci. Amma duk shekara sai an sauke wani yaro a garin nan wanda bai san kowa ba. In ya ji ana ƙwallo ranar Juma'a, zai fito."

Ya ci gaba da famfonsa. Can sai ga su suna shigowa ɗaya ɗaya, suna gaishe shi, yana kiran kowa da sunan garinsu. Da aka rasa gola a gefe guda ya dube ni. Na ce Yaya na tsufa. Ya ce da ma can ba iyawa na yi ba, babu abin da tsufa zai rage.

Na tsaya a raga da dogon wandona.

Da za mu taso ya raka mu har filin jirgi, ya ɗauki jakar tsoho da kansa duk da na hana. Daga nan sai waya, duk Sallah, wani lokaci in an yi haihuwa ko rasuwa.

Anti Sa'adiyya ta ce ya jima yana fama da ciwon ƙoda, ya hana a gaya wa kowa. Shi da ya kai ɗaruruwan mutane wajen likita bai so a yi ɗawainiya da shi ba. Gusau ɗin da yake ta cewa baɗi, Allah bai nufa ba. A can Alƙahira za a yi masa sutura yau bayan azahar. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Nasiru ya riga shi tafiya, shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Bulus na samu a waya ɗazu, yana Jos, ya yi ritaya. Na gaya masa rasuwar. Sai ya ce in ba shi lambar iyalin, kuma in yi haƙuri, ba zai iya magana yanzu ba.

Ni ma iyakar abin da zan iya ke nan.

Ya Allah, ga bawanka Lawwali ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka karɓi zaman baƙuncin da ya yi a matsayin na neman ilimi. Ka dafa wa matarsa, ka raya masa 'ya'yansa a kan alheri, ka haɗa su da masu tsaya musu kamar yadda ya tsaya wa 'ya'yan mutane.

Duk wanda ya taɓa saɓawa da shi, a fili ko a wajen fili, don Allah ya yafe masa yau.

Ku kuma da kuka karanta har ƙarshe, ko ba ku san shi ba, ina roƙonku kada ku tsaya a danna hoton hawaye ku wuce. Ku ajiye wayar na ɗan lokaci ku yi masa addu'a da sunansa, Lawwali. Ya gaji ƙwarai a duniyar nan. Ku roƙa masa Allah ya hutar da shi a Aljanna.

Amin.